Ina Jin Sa, Ba Ya Ji Na

Masu karatu, yau ban zo da raha ba. Wadda ta saba yi min tsiya a ƙasan rubutu ta gyara zama, don na kawo mata abin faɗa har gida, kuma na yi alkawari ba zan goge maganar kowa ba.

Ga wadda yau ta fara shigowa: mu uku ne a wurin Abba da Umma. Yaya ne babba, ni ce ta tsakiya, sai Auta. Aikina amsa kiran masu ƙorafi a wani kamfanin sayar da kayan lantarki. Tun safe hedifon yana kaina, wannan ya ce firijinsa ya ƙi sanyi, waccan ta ce injin wankinta yana rawa, ni kuma ina ta "ku yi haƙuri, za a duba" da wata tattausar murya da ba na amfani da ita a gida. Shi ya sa ba mai kiran sunana a gidanmu, 'Yar Waya suke ce min.

Tun da aka tsayar da maganar auren Auta, Goggo, yayar Abba, ta mayar da gidanmu wurin aikinta. Ko mayafi ba ta cirewa take farawa.

"Ƙanwarki za ta riga ki, ke kina nan kina ba firiji haƙuri."

"Goggo, lokaci ne."

"Lokacin ƙafa gare shi da zai tako ya same ki a ɗaki?"

Ana cikin haka maganar Dogo ta taso. Abokin Yaya ne, yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Abba ba mutum ne mai tilas ba. Ya ce min, "Ba zan miki dole ba. Ki ba shi lokaci, ki fahimce shi, amma ina son amsarki kafin bikin Auta." Na ce to.

Sai dai fa Dogo ba ya magana. Zai zo da yamma cikin riga ruwan sararin samaniya da ta sha guga, maɓallinta a rufe har wuya, ya zauna a bakin kujerar falo kamar wanda ya zo neman aiki. Ni kuma na ɓata lokaci gaban madubi, doguwar riga ruwan zuma, mayafi mai ɗan duwatsu a baki, turare kala biyu. Duk a banza, kafet yake kallo.

"Ina wuni."

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Lafiya."

Shi ke nan, sai agogon bango ya karɓi hirar. Saƙonsa na waya ma haka yake: "Barka da safiya. Da fatan kina lafiya." Kullum iri ɗaya, kamar daga banki. Na sa masa suna Malam Shiru. Yana fita ni da Auta za mu shige ɗaki in kwaikwayi zamansa, in haɗe gwiwoyi in ƙura wa ƙasa ido, mu yi ta dariya har Umma ta buga mana ƙofa. Na riga na yanke a raina cewa a'a zan ce wa Abba, ranar kawai nake jira.

To, ga inda gem, wato wasan bidiyo, ya shigo. Da Yaya ya yi aure, Anti matarsa ta ce ko ita ko na'urar gem, ya zaɓa. Sai ya bar na'urar a tsohon ɗakinsa da ƙaramar talabijin, ya tafi da hedifon ɗinsa mai kyau wai don taron ofis. Ni kuwa tun muna yara nake buga ƙwallon gem da shi, don haka in na dawo aiki kaina ya yi zafi sai in shiga ɗakin in huce. Umma ba ta son ihun 'yan kallo a talabijin, dole sai da abin kunne. Na taɓa shiga shago na tambayi na gem na asali. Da mai shagon ya faɗi kuɗin sai na ce masa zan dawo, irin dawowar da shi ma ya san babu ita.

Sai na tuna da tsohon hedifon na kwamfuta da ofis suka bar mana lokacin da suka canza sababbi. Sosonsa ya fara ɓarewa, wayarsa an naɗe ta da baƙin selotef kusa da ɗan maɓallin kashe maik. Baki biyu gare shi, kore na ji, ruwan hoda na magana, shi kuwa hannun gem rami ɗaya ne da shi. Na cusa koren, sauti ya zo tas. Na bar ruwan hodan yana lilo a kan cinyata.

Wata yamma ina tsaka da wasa da sunan Yaya, tunda ban buɗe nawa ba, sai gayyata ta faɗo a kan allo. Na danna ba tare da na karanta ba.

"Ango, ashe kana raye? Na ɗauka an kai na'urar nan gidan tarihi."

Murya ce mai kauri, cike da dariya, maganar tana gudu kamar ruwan famfo. Sai da na cire hedifon ɗin na dube shi, na mayar, sannan na karanta sunan da ke kan allo. Dogo ne.

"Ka yi magana mana. Ko Madam ta karɓe muryar ma?"

Allah ne shaidata, na ce, "Ba Yaya ba ne, ni ce." Da bakina na faɗa, har sau biyu.

"Ba na jin ka fa."

Sannan na ga bakin ruwan hodan yana lilo. Na buɗe wurin rubutu, na fara lalubo haruffa da hannun gem. Niyyata in rubuta "ni ce". Amma ina son in ƙara jin muryar nan ko da na minti kaɗan ne, in ji wane ne wannan mutumin da yake ɓoye a cikin Malam Shiru. Abin da na tura shi ne: "maik ya lalace".

"Ba komai, ni na iya surutun mutum biyu. Mu shiga."

Muka haɗa ƙungiya ɗaya, mu biyu da wasu baƙi. Yana wasa yana sharhi, yana yi wa mai tsaron gidanmu addu'ar shiriya, yana kwaikwayon shugaban sashensu. Na yi dariya har da hawaye. Da na ba shi wata ƙwallo ya ci sai ya ce, "Lallai aure ya gyara ka. Da can ko mutum yana bakin raga ba ka bayarwa."

Na ce wa kaina daga yau shi ke nan. Kashegari tun a motar dawowa nake duba agogo.

Haka muka ɗauki makonni. Kuma da yake ba ya ji na, sai na koyi wata ɗabi'a: ina ba shi amsa da baki. In ya zubar da ƙwallo in ce, "Kai dai ƙafarka biyu duk na hagu ne." In ya yi abin dariya in ce, "Allah ya shirye ka." Ni da nake wuni ina auna kowace kalma saboda ana naɗar muryarmu a ofis, na samu wurin da zan saki bakina ba mai ji. Shi ma ashe abin da ya samu ke nan, sai dai shi akwai mai jin sa.

Ranar da ya fara maganata, hannun gem ɗin ya kusa suɓuce min.

"Ango, ƙanwar nan taka ta raina ni, kuma ba laifinta ba ne. Ka san matsalata. In'inar da na ɗauka mun rabu tun makaranta, ina zama gabanta sai ta dawo. Shi ya sa nake zaɓar gajerun kalmomi, waɗanda na tabbata za su fita. Saƙo kuwa sai in rubuta mai tsawo, in karanta, in goge. A nan ne kawai nake sakewa. Hannu yana aiki, ido yana kan ƙwallo, ba wanda ya zuba wa bakina ido yana jira."

Ya ce ya lura duk ranar Litinin muryata a dishe take, saboda kira ya fi yawa. Ya sayo zuma da lemon tsami zai ba ni, suka yi ta yawo a motarsa don ya rasa ta inda zai fara bayani. Ya ce ya taɓa kiran lambar kamfaninmu ko Allah zai sa ni zan ɗauka, sai wani ƙato ya ɗauka, dole ya ƙirƙiri abin markaɗen da ba shi da shi, aka yi ta koya masa yadda ake wanke wuƙarsa.

Na yi dariya, na kuma ji wani abu ya narke a ƙirjina. Masu karatu, ba zan ɓoye muku ba, a wannan ɗakin mai warin tsofaffin takalman Yaya na fara son sa.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma mutum in ya samu mai sauraron da ba ya katse shi, sai ya yi ta zurfafawa. Ya ba da labarin Babansa, Allah ya jiƙansa, wanda yake ƙarasa masa duk maganar da ya faro, in baƙi sun zo kuma ya aike shi waje. Ya ce har Baban ya rasu bai taɓa jin jimlarsa guda cikakkiya ba. Ya ba da labarin wata da ya taɓa nema, wadda ya jiyo ta ta taga tana kwaikwayonsa ita da ƙannenta. Ya ce ranar bai iya tuƙi ba, a nan ya bar motar ya taka.

"Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, Ango. Kai ma don ba ka iya magana ne."

Ya yi dariya. Ni kuwa na zauna kamar an watsa min ruwan sanyi, ina tuna gwiwoyina a haɗe da dariyar Auta. Daga ranar ban sake kwaikwayonsa ba. Auta ta ce, "Yau ba Malam Shiru?" na ce ta kama kanta, yayanta ne.

Abin haushin shi ne, maimakon in sake da shi in ya zo, sai na ƙara ɗaurewa. Ta yaya zan kalli idon mutumin da na san sirrinsa ta hanyar sata? Sai ya zama shi yana kallon kafet, ni ina kallon labule. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to tawa fuskar ƙarya ta riƙa yi masa. Wata rana ma yana zaune Goggo ta wuce ta ƙofar falo tana cewa Umma, da muryar da ba ta san ƙasa-ƙasa ba, "Ko tana so ko ba ta so, wannan karon sai an yi." Na ga yatsunsa sun matse kofin ruwa.

Yaya ya daɗe da ganewa. Tun farko Dogo ya yaba masa wata ƙwallo, sai Yaya ya kira ni yana dariya, "Wa yake ci da sunana?" Ya rufa min, a tunaninsa hakan zai sa in sauko. Amma ranar Lahadin nan da ta wuce ya shigo gidan ba dariya a fuskarsa. Ya same ni a ɗakin, ya rufe ƙofa, ya ajiye wata 'yar leda a kan gado.

"Jiya Dogo ya riƙe hannuna ya ce ya gode da yadda na saurari maganar Babansa. Wace magana ce?"

Na sunkuyar da kai.

"Kar ki gaya min, ba na son sani ta bakinki. Amana yake ba ni, ke kike karɓa. Ni ma na yi wauta da na biye miki."

"Yaya, tsoro nake ji."

"Buɗe ledar."

Wata 'yar gajeriyar waya ce baƙa, ko tsawon tafin hannu ba ta kai ba. Gefe ɗaya rami biyu, kore da ruwan hoda, ɗaya gefen baki guda.

"Dogo ne ya saya min. Ya ce shi ma da hedifon na kwamfuta yake wasa, ba sai an sayi mai tsada ba, wannan ɗan mahaɗin kawai ake buƙata. Wai ya gaji da surutu shi kaɗai." Yaya ya ɗauki hedifon ɗin ya cusa bakunan biyu, ya miƙo min. "Ki gaya masa da bakinki. In ba ki yi ba, ni zan yi."

A ranar da safe na riga na samu Abba yana shan shayi na ce masa na amince. Ya dube ni ta saman gilashinsa ya ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata. Umma har da ɗan hawayenta. Don haka a raina na ce abin ya zo daidai: zan gaya wa Dogo gaskiya, in bi shi da albishir, daɗin ɗaya ya wanke ɗacin ɗaya. Haka na tsara, kamar zuciyar mutum asusun kwastoma ce.

Da yamma na yi wanka, na sa atamfata shuɗiya, har da kwalli, kamar zai gan ni. Na cusa mahaɗin a hannun gem. Na tura ɗan maɓallin da ke jikin wayar zuwa wajen kashewa, na ɗaga sandar maik ɗin sama. Niyyata mu buga wasa ɗaya hankalina ya kwanta, sannan in kunna.

"Ango, ka haɗa?"

Na rubuta: "ya ƙi".

"Kai, araha ba ta ado. Amma fa ina jin wani ɗan huci kamar na fanka."

Kun gani, har alama Allah ya ba ni. Na ɗauka daga wajensa ne. Muka fara. Ranar ba ya sharhi, ba ya tsokanar mai tsaron gida. Can tsakiyar wasa sai ya ja numfashi.

"Na yanke shawara. Gobe zan je wurin Abba in janye."

Ɗan wasana ya tsaya cak a tsakiyar fili.

"Na ji abin da Goggonku ta faɗa. Kuma ina da ido, kwanan nan ko kallona ba ta iya yi. Ba zan zama nauyin da aka ɗora wa 'yar mutane ba. Ina son ta, Ango, wallahi ina son ta, shi ya sa ba zan bari a tura ta ba. Gara ta samu wanda zai iya ce mata ta yi kyau a lokacin da ta yi kyan."

Bakin da ya saba bai nemi izinina ba. Kamar kullum, kamar duk yammacin da suka wuce, na ce da ƙarfi, "Kai dai ba ka da wayo. Wa ya ce maka ba na son ka? Ni da na ce wa Abba na amince tun safe."

Ihun 'yan kallo ya ci gaba a kunnena. Ƙwallo ta gangara ta fita waje, ba wanda ya bi ta. Na jira ya ci gaba da maganarsa, bai ci gaba ba. Sannan idona ya sauka a kan 'yar alamar maik da ke gefen sunan Yaya a allo. Tana haske.

"Wa… wa…"

Ya tsaya. Ina jin numfashinsa, ina jin yadda yake kokawa da kalmar. Muryar nan mai gudu da na sani ta tafi, wadda ta dawo ita ce ta bakin kujerar falo.

"Ni ce. Don Allah ka saurare ni, dama yau nake son…"

"T-tun… tun yaushe?"

Na yi tunanin in ce yau ne kawai. Har ƙaryar ta zo kan harshena, na haɗiye ta.

"Tun farko."

"Ma… maganar Ba… Baba?"

"Na ji."

"Da ta… ta taga?"

"Duk na ji. Ka yafe min. Ba don in yi maka dariya ba ne, wallahi. A nan na san ka, a nan na fara…"

Ban ƙarasa ba na lura ina yi masa abin da ya ce ya fi tsana, ina cike masa shirun da surutuna. Na kama bakina. Ya daɗe yana ƙoƙari. Ban taɓa jin jira mai ciwo irin wannan ba, kuma ni na jawo shi.

"Nan ne… ka-kaɗai… wurin da… nake da shi."

Sunansa ya ɓace daga allo.

Na zauna da hedifon a kaina ina kuka. Da na gaji sai na jawo wayar na ɓare baƙin selotef ɗin. Wani abokin aiki da ban ma san shi ba, wayar ta taɓa tsinke masa a wurin, ya haɗa ta kai tsaye ya tsallake maɓallin. Ado ne kawai, ba abin da yake kashewa. Na so in ɗora wa selotef laifi, na so in ɗora wa mahaɗi, amma ba su suka rubuta "maik ya lalace" ba.

Na kira shi, bai ɗauka ba. Na tura saƙo.

"Don Allah ka ɗauka."

"Na san na yi laifi, ba ni da abin kare kaina."

"Abin da na faɗa gaskiya ne. Ba wanda ya tura ni."

Alamar ya karanta ta fito, ba amsa. Na ajiye wayar na ɗauka, na ajiye na ɗauka. Sai da safe, ina ɗaura ɗankwali zan fita, saƙonsa ya shigo. Karon farko ke nan da ya turo min abin da ba gaisuwa ba.

"Da kin tambaye ni da na gaya miki duka. A hankali, amma da na gaya miki."

Ban san yadda na yi aikin ranar ba. Wata mata ta kira tana faɗa a kan dutsen guga, ina ba ta haƙuri hawaye yana ɗiga a kan teburina. Ita da kanta ta sassauta ta ce, "'Yar nan, ai dutsen guga ne kawai."

Da na dawo gida na tarar da motarsa tana fita daga layinmu. Bai gan ni ba, ko kuma ya gan ni, ban sani ba. A falo na tarar da kowa: Abba a kujerarsa, Umma ta yi tagumi, Yaya a tsaye jikin taga, Goggo kuwa ta cire mayafi yau, alamar zama ya kama ta.

"Ga ta nan," in ji Goggo. "Zo ki ji abin da sarkin shiru ya yi mana. Sai da yarinya ta amince, sannan zai zo yana cije-cijen harshe wai ya fasa. Dama ni tun farko ban yarda da mutumin da ba ya kallon ido ba. Wanda magana ma ta gagare shi, riƙon gida ne zai iya?"

"Yaya, ya isa," Abba ya ce wa Goggo. Ya juyo gare ni. "Zauna, 'Yar Waya."

Na zauna a kafet kusa da ƙafar Umma.

"Yaron nan ya zo. Ya daɗe kafin ya iya fitar da abin da ke bakinsa, na kuma jira shi. Ya ce ya janye. Na tambaye shi ko wani abu aka yi masa a gidan nan, ya ce ko kaɗan. Ya ce ke yarinyar kirki ce, laifin nasa ne, shi ne bai shirya ba. Har ya roƙe ni kar in yi miki faɗa."

Umma ta shafa kaina. "Ki yi haƙuri, Allah zai kawo wanda ya fi shi."

Wannan shafar ta fi min mari ciwo. Mutumin da na sace wa sirri shi ne ya zo ya rufa min nawa, ya ɗauki zagin Goggo a kansa ya tafi da shi. In na yi shiru, shi ke nan, ni ce abar tausayi, shi ne mara alkawari, har bikin Auta za a yi ta nuna shi da baki. Ba wanda ya sani sai ni da Yaya. Na dubi Yaya, ya kau da kai ya ci gaba da kallon waje.

"Amma ni hankalina bai kwanta ba," Abba ya ce, ya cire gilashinsa ya riƙe a hannu. "Na ga idon yaron nan. Ba idon wanda ya fasa ba ne, idon wanda aka ɓata wa ne. Ke, akwai abin da kika sani?"

Goggo ta ce, "Me za ta sani? Yarinyar da ko hira ba ya yi da ita."

Abba bai dube ta ba, ni yake kallo, irin kallon uban da bai taɓa kama 'yarsa da ƙarya ba. Na buɗe baki kalmar ta ƙi fita, na sake buɗewa ta maƙale, kowa ya zuba wa bakina ido yana jira.

Na ce, "Abba, akwai."